Na taɓa shiga rihab saboda giya, ko in yi shiru a fam ɗin kiliyarans?

Wani ɗan'uwanmu ne daga jihar Merilan a Amurka ya turo tambaya. Shekara uku da suka wuce 'yan sanda suka kama shi yana tuƙi a buge, daga nan ya kai kansa rihab, wato cibiyar maganin daina shaye-shaye, wata uku, tun lokacin ko ɗigo bai ƙara sha ba. Yanzu wani kamfani mai kwangila da ma'aikatar tsaro ya ba shi aikin kwamfuta amma sai an tantance shi, abin da ake ce wa kiliyarans, shi ne yake cewa ko ya binne maganar tunda ko a gida ba wanda ya sani.

To ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa, amma maganar ɓoyewa cire ta daga ranka tun yanzu. Fam ɗin da za ka cike, SF-86, sashe na 24 kan giya yake, kuma tambayar ko ka taɓa neman magani ba ta da iyakar shekaru, a rayuwarka kaf ake nufi. Sashe na 22 kuma zai tambaye ka ko an taɓa cajin ka da laifin da ya shafi giya, shi kuwa kamun nan yana rubuce a kotu, masu binciken DCSA, hukumar da ke tantancewar, za su gan shi ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Ƙarya a fam ɗin nan laifi ne na tarayya da kan iya kai mutum kurkuku har shekara 5, kuma ko ba a kai nan ba, an riga an sa ka a layin marasa gaskiya, wanke wannan ya fi wanke giyar wuya nesa ba kusa ba.

Abin da mutanenmu ba su gane ba, shi rihab ɗin shaida ce a gefenka. Ƙa'idar da ake yanke hukunci da ita, SEAD 4 ta 2017, a ɓangaren G ta lissafa abubuwan da ke sassauta matsalar giya, ciki har da mutum ya amsa cewa yana da matsala, ya kammala magani har da bibiyar bayan sallama, kuma a ga an ɗau lokaci bai koma ba. Wanda ke shan wahala shi ne wanda likita ya ce ya daina ya fito ya koma ruwa, ko wanda ya gudu rabi da rabi. Don haka nemo takardar sallamarka, da ta kotu mai nuna ka biya tara ka gama komai, in kana zuwa taron AA, ƙungiyar masu taimakon juna wajen daina giya, a samu shaidar hakan.

Ba na ce maka tabbas za su ba ka ba. In suka yi shakka za su aiko takarda da dalilansu, kana da damar amsawa har ka nemi zama gaban alƙalin DOHA, ofishin ma'aikatar tsaro mai sauraron irin waɗannan ƙararraki, a nan kam ka ɗauki lauya.

Ni abin da ya fi damuna ma kunyar nan taka ce. Su abin da suke tsoro shi ne mutum mai sirrin da wani zai riƙe ya juya shi da shi, kuma mai binciken na iya tambayar ka kai tsaye wa ya sani. Ban ce ka sanar a guruf ɗin dangi na WhatsApp ba, amma uwargida dai ya kamata ta ji daga bakinka kafin ranar intabiyu.

Af, kuɗin da kake tura wa Hajiya duk wata da fasfonka na Najeriya, su ma akwai gurbinsu a fam ɗin, rubuta su.