Amsar Yaya ga Auta: ya ake yi mutum ya yi dariya a wannan tsadar?

(Muryar da Yaya ta turo guruf ɗin gida da daddare, na rubuta ta ne saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare, ina fatan kowa ya yini lafiya. Auta da ke nake, amma kowa ya kasa kunne don na san ba ke kaɗai ba ce. Na ga saƙonki tun la'asar, inda kika ce ke dai kin gaji, kullum lissafi, kullum kaya sun tashi, maigida sai dare yake shigowa ga yara ga aikin gida, kuma wai kina mamakin yadda muke zuba raha a guruf ɗin nan kamar ba a ƙasar muke ba, har kika ce ko dai mu ba abin da ya dame mu ne. Ban amsa a rubuce ba don maganar tana da tsawo, sai na bari na kwantar da yara tukun.

Toh da farko dai kina da gaskiya, wallahi kina da gaskiya, kar wani ya ce miki raki ne. Tun farkon 2023 da aka yi canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ya yini a layin mai POS ya dawo hannu rabbana, ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma komai ya bi ta, kuɗin mota, kwanon shinkafa, magani, kuɗin makaranta. Ba gidan da bai ji a jikinsa ba, har namu, har na Kawu da kike ganin kullum shi ne kan gaba a barkwanci. Saboda haka ki cire wannan tunanin na cewa mai dariya ba shi da damuwa. Yana da ita, wani ma tasa ta ninka taki.

Abin da nake so ki gane shi ne, ita raha ba abu ba ne da mutum yake zama shi kaɗai a ɗaki ya ƙirƙiro wa kansa. Da mutane ake yin ta. Kuma ke tun da kuka koma can kin yi nisa da mutanen da aikinsu ne su sa ki dariya. Eh aikinsu ne, haka na ce, don iyayenmu da kakanninmu ba su bar abin nan a hannun sa'a ba, tsara shi suka yi tsaf, kowa da abokin wasansa tun ranar da aka haife shi.

Ki duba mana. Kaka da jika. Hajiya Kaka duk ciwon ƙafar nan da take fama da shi, ki lura da fuskarta in an shigo mata da ɗanki, nan take za ki ji ta ce ga angona ya zo, yau ma ba cefane ko, wannan miji da rowa yake, shi kuma ya tsaya yana mata rantsuwa wai gobe zai kawo. In 'yarki ce kuma kishiya ce, ta zo ƙwace mata miji, a yi ta musu tsohuwa mai shekara tamanin da yarinya 'yar shekara biyar, duk gidan a kwashe da dariya. Wannan matar fa ta binne miji ta binne 'ya'ya, ta ga fari ta ga yunwa, ba wai ba ta san baƙin ciki ba ne. Amma al'ada ta ba ta ƙofar da za ta rinƙa fita ta sha iska, kuma tana amfani da ita.

Sai taubasai, ɗan mace da ɗan namiji. 'Ya'yan Kawu da mu kenan. Kowa na cewa shi ne ubangidan wani, in watan cika-ciki ya kama a bi juna kuɗin shara, abin da bai taka kara ya karya ba amma sai an yi ta ja-in-ja a kansa. Sai matar wa da ƙanin miji, sai miji da ƙannen matarsa. Ki fita daga gida kuma ki ga na garuruwa da ƙabilu, Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, har masu sana'a, maƙera da Buzaye. Mutum biyu ba su taɓa ganin juna ba sun haɗu a mota daga Kano zuwa Maiduguri, da ɗaya ya ga zanen fuskar ɗaya shi kenan an samu abin yi, kafin a kai Potiskum sun ci abinci a kwano ɗaya, wani ma ya biya wa wani. Kuma doka ce ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. A Nijar abin nan sun riƙe shi da daraja sosai, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a 2014, saboda an ga yadda yake kashe rigima tun kafin ta tashi. Mu kuma muna da shi a hannu muna barin shi yana mutuwa, yaranmu da yawa ba su ma san waye taubashinsu ba, sai dai su ce kazin, kowa kazin.

Ko azumi ki duba, watan ibada, ga yunwa ga ƙishirwa ga zafi, amma da an kai goma ga wata sai tashe ya fito, yara su manna gemun auduga su cusa tsumma a ciki su zo ƙofar gida suna kwaikwayon tsofaffi da malamai da masu rowa, a Kano kuma ga Nalako yana farautar gwagware. Mutanen da suka tsara wannan sun san wahala fiye da mu, ba su da fanka ba su da firij, amma sun san in ba a saka wa mutum abin dariya a tsakiyar wuya ba zai karye.

Kuma kar ki ce ai addini ya ce a kame. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana raha. Wani ya zo ya roƙe shi abin hawa ya ce masa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa, sai ya nuna masa ai kowane raƙumi ɗan taguwa ne. Ga ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, ƙaramin yaro da yake da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun nan. Shugaban al'umma gaba ɗaya, ga yaƙi ga talauci ga munafukai, amma yana da lokacin tsuntsun yaro. Ni wannan ruwayar duk lokacin da na tuna ta sai na ji zuciyata ta yi sanyi. Kuma shi ya ce murmushinka a fuskar ɗan'uwanka sadaka ne. Kinga ko ranar da ba ko sisi a jakarki kina da abin bayarwa.

Sai dai akwai iyaka, kuma wannan da ku nake samarin guruf ɗin nan. Ba a ƙarya don a ba mutane dariya, akwai hadisi mai zafi a kan haka. Ba a dariya da halittar mutum, ko talaucinsa, ko rashin haihuwa, ko mace ta daɗe ba ta yi aure ba, ko wadda aurenta ya mutu, Suratul Hujurati aya ta 11 ta hana izgili ƙarara. Wasan taubasai da na kakanni abin da ya sa yake da daɗi shi ne duka ɓangarorin biyu suna da bakin ramawa kuma an san ƙauna ce a ƙasa. In kai kaɗai kake dariya shi wancan ya sunkuyar da kai, to cin mutunci kake ba wasa ba. Irin bidiyon nan da ake ɗaukar tsoho ko mai taɓin hankali a titi ana tsokanarsa ana turowa, don Allah a daina kawo mana shi nan.

Yauwa Auta, bari na ba ki misali na kusa. Kin tuna Oktoban 2024 da wuta ta ɗauke a kusan duk Arewa sama da mako guda? A layinmu akwai maƙwabciyata mai sayar da kaji da nama a firiza, jarinta kenan gaba ɗaya, kwana na tafiya kaya na neman lalacewa ga ƙanƙara ta yi tsada ba ta samuwa. Ranar da ta ga ba makawa ta yi kukanta, mun gan ta ta yi kuka sosai, sannan ta share hawaye ta aiko yara gida-gida wai kowa ya kawo itace da tukunya yau babbar salla ta dawo. Muka taru muka soye naman nan tas, wanda zai iya saye ya saya, wanda ba zai iya ba ta ɗiba masa, maza ma da suka ji labari suka harhaɗa abin da ya sawwaƙa aka ba ta. Daren nan ba waya don duk caji ya ƙare, aka baza tabarmi a waje, wata tsohuwa ta hau yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, manya ma muka matso. Ba ta mayar da kuɗinta duka ba, ta yi asara, gaskiya ce. Amma da ta kulle ƙofa ta zauna ita kaɗai da firizarta, da asarar ta fi haka kuma da ba wanda ya san halin da take ciki balle ya taimaka. Wasan nan da ta yi na babbar salla shi ya ba mutane hanyar shigowa ba tare da ta ji kunyar roƙo ba. Har yau in an ɗauke wuta ya daɗe sai ki ji yara na tambayar ta yaushe za a sake salla.

To ke yanzu me za ki yi? Ni shawarata ƙanana ne. Wayar nan ki rage ta da daddare, musamman guruf-guruf ɗin da ba abin da ake turowa sai gawa da labarin 'yan bindiga da farashin dala, ki shiga saitin ki kashe abin da yake sauke bidiyo da kansa, ko data ma kya huta. Labari ki ji sau ɗaya a rediyo ya ishe ki, ki yi wa mutane addu'a, ba sai kin kalli jininsu ba. Ki kira Hajiya Kaka ki haɗa ta da angonta a waya ki zauna ki saurare su. Ki nemi 'ya'yan Kawu ki tada musu tsohon bashi. Ki leƙa maƙwabta, na san can kowa get ɗinsa a rufe, amma ki zuba ɗan abinci a kwano ki aika, kwano ba ya dawowa haka nan, daga nan ake sabawa. In kin shiga kasuwa ki tambayi mai kayan miya ɗan ina ne, in kika dace da Bazazzagi ai kin samu abokin wasa har da gyara. Kuma in maigida ya dawo, kafin ki karanto masa abin da ya ƙare, ki fara ba shi labarin shirmen da yara suka yi yau, shi ma fa da nasa nauyin ya shigo, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yaran nan kuma ki rinƙa zama kina jin hirarsu, wallahi abin da ke fitowa daga bakin ɗan shekara huɗu ko mai wasan kwaikwayo bai isa ya tsara shi ba.

Amma akwai wata magana da ba zan rufe ba sai na faɗe ta, kuma ki ji ni da kyau. Gajiya daban, ciwon damuwa daban. In kika ga kin yi makonni ba kya barci ko barcin ya yi yawa, abinci ba ya shiga, abin da da yake ba ki sha'awa yanzu ko a jikinki, kuka na zuwa ba dalili, ko kina jin gara ma ba kya duniyar, to wannan ba barkwancin Kawu ne maganinsa ba, kuma ba raunin imani ba ne, ciwo ne kamar hawan jini, yana kuma yawan kama mata bayan haihuwa, ke kuma goyo kike. Ana zuwa asibitin ƙwaƙwalwa a ga likita, akwai Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, a bar wannan maganar. A yi addu'a a sha magani, duka biyun. Kuma ku sauran, in wani ya rubuto ya ce ya gaji, kar a tura masa sitika a wuce, a ɗaga waya a kira shi.

Gobe in Allah ya kai mu bayan kin sallami yara makaranta zan kira ki, ki saka wayarki a caji, maganar da ba ta guruf ba ce sai mu yi ta mu biyu. Kawu kuma na ga kana kan layi kana ji, ka gaya wa 'ya'yanka Auta na nan tafe da lissafin shara na shekarun da suka tsallake. A gaida yara, a gaida maigidan. Sai da safenku.