Zuwa wasan zamiyar ƙanƙara a ƙarshen Nuwamba

Ɗan'uwa, ka ce daga Nima ta Accra za ka tashi zuwa Turai ƙarshen Nuwamba, kana tambaya ko dusar ƙanƙara za ta wadata. A ƙananan tsaunuka ba abin dogaro ba ce, sau da yawa ta inji ce, hanyoyin zamiya kaɗan ne a buɗe. Nemi tudu sosai, kamar Val Thorens, wurin wasan zamiya a Faransa, mai tsayin mita 2,300. Kada ka kama otel da ba ya mayar da kuɗi idan ka fasa zuwa. Dusar farko ba kauri, duwatsu na ƙarƙashinta, don haka kada ka bar hanyar da aka gyara. Tunda sabon shiga ne kai, ɗauki mai koyarwa, ka kuma tambayi kamfanin inshorarka ko ta haɗa da raunin wannan wasa.