Yadda za ka raba kwana shida a Maroko

Ka tambaya ko kwana shida za su isa ka ga Kasablanka, Fas, Marrakesh da kuma rairayin Marzuga. Shawarata ita ce ka cire Marzuga, domin daga Marrakesh tafiyar mota ce ta kusan wuni guda, sannan ga komowa.

Kasablanka rabin yini ya ishe ta, ka ziyarci Masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993, sai ka hau jirgin ƙasa zuwa Fas. A can ya kamata ka daɗe, aƙalla kwana biyu, saboda lungunan tsohon garin mota ba ta shiga, kuma a cikinsu ne Masallacin Alƙarawiyyin da aka kafa a 859 yake, da Zawiyyar Shehu Ahmad Tijjani, wadda mutanenmu da yawa ke zuwa ziyara.

Jirgin ƙasa daga Fas zuwa Marrakesh yana cin fiye da awa shida, don haka ka sayi tikiti da wuri. Idan karkara kake marmari, Kwarin Urika a duwatsun Atlas bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Marrakesh ba, amma ka riƙe rigar sanyi idan lokacin hunturu ne.