Diskin burki ya lalace tun mota tana sabuwa: garanti zai biya kuwa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya sanya albarka a motar, Ya tsare hanya.

Ka ce sabuwa fil ka saye ta a kamfani, ba ta cika shekara ba, mita tana wajen kilomita 18,000, kuma idan ka taka burki a kan gudu sitiyari na kakkarwa. Ka kai musu, sun ce diskin gaba biyu, wato faifan ƙarfen da burki ke kamawa ya tsayar da taya, sun lalace, kai za ka biya, domin burki ba ya cikin garanti. Kana son sanin ko haka abin yake.

Na daɗe ina kula da motocin wata ma'aikata. Ni ke kai su sabis, ni ke sa hannu a takardar biya, don haka wannan rigimar ba baƙuwata ba ce. Abin da suka gaya maka rabin gaskiya ne, kuma rabin da suka bari shi ne zai amfane ka.

Fara da ɗauko littafin garantin da aka ba ka tare da motar. Garanti alkawari ne a kan aibin ƙira, wato ƙarfe mara kyau ko kuskure wajen haɗawa, yawanci na shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu kamfanonin kuma har shekara 5. A ciki akwai shafin kayan da aka cire saboda aiki ne ke cinye su: fad ɗin burki, filet ɗin kuloci, robar waifa, ƙwan fitila. Wasu littattafan sun ambaci diski da sunansa, wasu ba su ambata ba, wasu kuma sukan ba irin waɗannan kayan ɗan gajeren wa'adi a farkon rayuwar mota. Karanta naka da idonka, kada ka dogara da abin da aka faɗa maka da baki.

To ko da an ambaci diski a wannan shafin, cinyewar yau da kullum ce aka cire. Idan wani ɓangare mai garanti ne ya lalace har ya jawo wa diskin, maganar ta canza. Shi ya sa idan ka je kana cewa "haba, ai ya yi wuri", ba za ka ci riba ba, za su ce tuƙinka ne, kai ka ce a'a, a watse. Tambayar da za ka riƙe ɗaya ce: me ya cinye shi? Wannan kuwa awo ne ke amsa ta, ba baki ba.

A bisa al'ada diski yakan ci fad saiti biyu, wani lokaci uku, kafin ya kai iyaka. Motar da har yanzu take kan fad ɗin da ta zo da shi a ce diskinta ya ƙare, akwai abin dubawa. A jikin kowane diski an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi aiki da shi, za ka ga an rubuta MIN TH da lamba a gefensa. Tsakanin sabo da wannan iyakar, a ƙananan motoci, milimita 2 zuwa 3 ne kawai. Misali, mai kaurin 22 iyakarsa kan kasance 19 ko 20. Ka ce a auna a gabanka da maikiromita, wato na'urar auna kauri, kuma ba wuri ɗaya ba, a zagaye diskin a auna kamar wuri takwas. Ina kyautata zaton naka bai ma kusa iyaka ba. Rawar sitiyari ba ta cika zuwa daga sirancewa ba, tana zuwa ne idan wani sashe na diskin ya fi wani kauri, fad yana hawa yana sauka a kowane juyi.

Sai awo na biyu, wanda a nan ne hujjarka take. Akwai agogon awo da ake kafawa a fuskar diski a juya shi a ga ko yana kaɗawa. Abin da yawancin masu ƙera motoci suka yarda da shi bai wuce wajen milimita 0.05 ba, kusan kaurin silin gashi. Diskin da ya zauna a karkace tun farko, duk juyin taya sai ya ɗan goga fad a wuri ɗaya ko ba ka taka burki ba, a hankali wurin ya sirance, bayan 'yan dubban kilomita rawa ta fito. Idan sun ga yana kaɗawa, ka ce a cire shi a auna hob ɗin da yake zaune a kai, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. Hob ba kayan cinyewa ba ne. Idan shi ne a karkace, ko boris ɗinsa na da wasa, aikinsu ne, kuma ko ka sayi sabon diski rawar za ta dawo.

Sannan a jera maka fad huɗun gaba a ƙasa ka duba. Mun taɓa sayen motocin ɗaukar kaya iri ɗaya a lokaci guda. Ɗaya ta fara jan hagu idan an taka burki, diskin hagun ya yi zane mai zurfi. Aka ce mana direba ne. Da aka jera fad ɗin, ɗaya daga cikin na hagu ya kusa kai ƙarfe, sauran ukun kuwa da sauransu sosai. Aka zare fil ɗin da kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin diski, ke zamewa a kai, ashe robarsa ta yage, giris ya bushe, ya ƙame. Babu ƙafar direban da ke iya cinye fad ɗaya ta bar uku. Muka rubuta takarda, suka canza kalifar da diski biyu da fad ba mu biya ko sisi ba. Kai ma kana iya ɗan gwadawa kafin ka koma: yi tafiya kaɗan ba tare da yawan taka burki ba, ka tsaya, ka kai hannunka kusa da rim ɗin gaba biyu, ban da taɓawa. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, burkin wannan gefen ba ya saki.

Gaskiya kuma ita ce wani lokaci laifin namu ne, kuma gara ka sani kafin su faɗa maka. Wata motar tamu direba ya sauko da ita Hawan Kibo da kaya, ƙafarsa a kan burki tun daga sama har ƙasa, bai rage giya ba. Diski biyun suka yi shuɗi-shuɗi daidai wa daida, fad ya yi sheƙi kamar gilashi. Wannan ban ko buɗe baki ba, muka biya. Masu otomatik sun fi faɗawa cikin wannan, alhali akwai L ko 2 ko S da aka tanada domin gangara. Haka mai fama da cunkoson Mararaba zuwa Nyanya safe da yamma, burkinsa ba zai kai na mai doguwar hanya ba. Ga ƙurar hunturu da yashi, ga shiga wurin wanki kai tsaye daga doguwar tafiya a watsa wa diski mai zafi ruwan sanyi. Sai kuma wanda mutane ba sa kawowa a rai: mai faci. Notin taya a yawancin ƙananan motoci ƙarfin ɗaurinsa tsakanin 100 ne zuwa 120 Nm, kuma a tsallake ake ɗaurewa, ba a jere ba. Idan aka zura bututu a sifana aka hau kai da ƙafa, wani notin ya fi wani ɗauruwa, diski na iya zama a karkace. Za su tambaye ka ko an taɓa cire tayar a waje, ko ka canza rim, ko ka sa fad ɗin kasuwa, ko ka tsallake sabis. Faɗi gaskiya. Idan duk amsar a'a ce, kuma littafin sabis ɗinka cike yake da hatiminsu, ka tsaya da ƙafarka.

Idan ka koma, kada a kwance komai sai an buɗe katin aiki an rubuta ƙorafinka da kwanan wata da lambar mita. Duk awon da aka yi a rubuta lambarsa a katin, ka karɓi kwafi, ka ɗauki hoton diski da fad. Idan sun ƙi biya, su rubuta dalilin. Sau da yawa daga nan ne murya ke sauka, domin faɗar "tuƙinka ne" ta fi rubuta shi sauƙi. Daga mai karɓar mota ka wuce wurin manajan sabis, daga nan ka rubuta wa babban wakilin kamfanin a ƙasar, ka haɗa da hotuna. Ka tambaya ko masu ƙera motar sun fitar da wata sanarwar gyara a kan burkin wannan samfurin. Ko ba su amsa laifi ba, akwai abin da sukan yi na kyautata wa abokin ciniki, su ɗauki kuɗin kaya kai ka biya na aiki, kuma a mota mai kilomita 18,000 neman wannan ba roƙo ba ne. Idan duk ya ci tura, akwai hukumar FCCPC da dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafi, amma ita ma takardu za ta nema.

Suna iya cewa za su kankare fuskar diskin a inji maimakon canzawa. Ba laifi ba ne idan bayan kankarewar kaurin zai tsaya sama da iyaka da ɗan rata, kuma an gano abin da ya jawo matsalar. Sai dai ka sani an rage masa kwana, don haka a rubuta kaurin da ya rage. Idan canzawa ce, biyun ake canzawa tare da sabon fad, a goge tsatsar fuskar hob, kai kuma ka lallaɓa burkin a kilomita 200 zuwa 300 na farko.

Roƙona gare ka, kada jiran garanti ya sa ka ɗauki iyali ka hau babbar hanya da burkin da ke rawa. Idan tafiya ta matsa, ka biya a gyara, amma a rubuta a rasit cewa ba ka janye ƙorafinka ba, kuma ka taho da tsofaffin diski da fad ɗinka, domin su ne shaidarka. In sun ba ka lambobin awon, turo su tare da hoton fad huɗun mu duba tare, in sha Allahu za a gane inda matsalar take.