Amsar Kawu kan Gurbin Sakandare

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya ko tace yara da jarrabawa kafin shiga sakandare al'ada ce da ya kamata a riƙe, ko kuwa wajibi ne gwamnati ta ba kowane yaro gurbi.

Abin nan da kake kira al'ada, ƙarancin azuzuwa ne ya haife shi. Yara sun yi yawa, kujeru ba su isa ba, dole a nemi hanyar sallamar wasu, sai aka ɗora wa jarrabawa aikin. Da aka daɗe ana yi, mutane suka ɗauka haka aka gada tun kaka da kakanni. Ingila ta mayar da sakandare kyauta ga kowa da dokar 1944, duk da ta bar jarrabawar 'yan shekara 11 tana rarraba yara. Koriya ta Kudu kuwa ta fara soke jarrabawar shiga ƙaramar sakandare a 1969, kuma ba wanda zai ce karatunsu ya lalace.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma a hankali ta zo nan. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 firamare kaɗai ta wajabta. Yarjejeniyar Majalisar ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki, zamantakewa da al'adu ta ce a buɗe sakandare ga kowa, har da ta koyon sana'a, a riƙa mayar da ita kyauta sannu-sannu. A 2015 ƙasashe suka yi alkawarin kowane yaro da yarinya za su kammala ta kyauta nan da 2030. Alkawari dai ba ya wuyar ɗauka.

Ni ina bayan a ba kowa. Yaro kan gama firamare yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka, alhali yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1973 ta sa 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun kama aiki. To, wanda aka hana aji aka kuma hana aiki, ina ake so ya nufa? Sannan jarrabawar nan sau da yawa aljihun uba take aunawa, don ɗan mai hali ne ake ɗaukar wa malamin gida.

Sai dai kada ka ruɗu da kalmar kyauta. Ghana ta cire kuɗin babbar sakandare a 2017, ɗalibai suka yi cincirindo, har a 2018 aka koma karatun karɓa-karɓa, wasu na makaranta wasu na gida suna jiran nasu zangon. Ban ga laifinsu ba, gara cunkoso da kora. Amma gwamnatin da ta yi shelar gurbi, a tambaye ta malamai nawa ta horar, azuzuwa nawa ta gina, kuma me ta tanadar wa yaron da hankalinsa ya fi karkata ga aikin hannu.

Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.