Sai an yi masa asiri ne kafin ya yi kome?

Tambaya: Malam, ina rubuta littafina na farko. Jarumin masunci ne a Argungu, ya yi wa matarsa saki ɗaya don ta ɗaga masa murya gaban ƙannensa. Idda na neman cika, yana sonta, girman kai ya hana shi buɗe baki. 'Yan zaurenmu na marubuta sun ce in ya sauko da kansa za a kira shi mijin-ta-ce, gara in sa uwarta ta je wurin boka a jawo shi. Ina tsoron in ɓata aikin wata 8.

Amsa: 'Yata, kada ki kuskura. Fikihu ma ya riga ya ɗaura miki zaren labarin. Saki ɗaya ne, muddin tana cikin idda kalmar "na mayar da ke" ta ishe shi, ba sabon sadaki. Ranar da idda ta cika kuwa ya koma sahun manema, sai da yardarta da waliyyi da sadaki. Mutumin da ke nutso ya rungumo giwan ruwa, ga 'yar kalma ta tsaya masa a maƙogwaro, kwanaki na tafiya. Me kike nema kuma?

Bokan nan ya ishe ni. Duk rubutun da aka kawo mini dubawa, da zarar namiji ya tausasa sai a haƙo laya a ƙarƙashin murhu. Ragwanci ne. Da an ce asiri, jarumi ya zama rago a igiya, ba shi da zaɓi, ba kunyar da zai haɗiye, marubuciya ta huta da tunani. Masu karɓar kuɗin ajin koyon rubutu a WhatsApp su ke yaɗa wannan, wai shi ke ja masu karatu. Ɓarnar kuma ba ta tsayawa a takarda. Yarinya ta karanta, ta ga yayanta ya ɗebo wa matarsa ruwa, gobe ta raɗa wa uwarsu an mallake shi. Aure nawa irin wannan zargi ya kashe? Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta nama. Wa ya fi shi mazantaka?

Bar masuncinki da girman kansa, ki nuna mana inda yake yoyo. Ya dawo daga kogin Matan Fada, ya ware kifin da ya fi kyau, ya ba yaro ya kai gidan surukai, ya ja masa kunne: "Kada ka ce ni na aiko." Ya daka wa ƙanensa tsawa don ya zauna kan tabarmarta. Da dare ya ƙirga kwanaki da yatsu, da safe a bakin kogi ya ce shi ya ma manta da ita. In ya tashi zuwa, ya tsaya a zaure ya yi ta gaida surukinsa, yana tambayar lafiyar shinkafar fadama, har tsohon ya gaji ya ce, "To, me ke tafe da kai?"