Ƙwallon da Ke Bakin Rami Ita Ke Kunyata Ɗan Sinuka

Wani yaro da ke tsaron teburin sinuka a Unguwar Rogo, cikin Jos, ya tambayi maigidansa: "Oga, abin nan na ɗaure mini kai. Ƙwallon da ke can ƙarshen tebur, wadda sai an yanka ta, wato an goge ta ta gefe, sai in zura ta lafiya. Amma wadda ke dab da rami, wadda ko ɗan koyo zai saka, ita nake ɓararwa. Ido ne ko hannu?"

Ga amsar da ya ba shi.

Ba ido ba ne, yaro, hannunka ma lafiyarsa ƙalau. Hankalinka ne ke riga sandarka barin wurin. Idan bugu ya yi wuya, tsoro na tilasta maka ka tsaya, ka auna, ka duƙa da kyau. Idan ya yi sauƙi kuwa, tun kana tsaye ka riga ka ci ƙwallon a zuciyarka, ka koma lissafin ta gaba. Jikinka na kan bugu ɗaya, tunaninka na kan wani, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A wasan ƙarshe na gasar sinuka ta duniya ta 1994 a Sheffield ta Ingila, Jimmy White na kan gaba a zagayen raba gardama, sai ya ɓarar da baƙar ƙwallo daga kan ɗigonta, bugun da ya yi sau dubbai. Stephen Hendry ya share teburin, ya ɗauki kofi da ci 18 da 17. Wancan sinuka ce ta ainihi mai jajaye 15, tamu ta nan mai lambobi daban ce, amma cutar ɗaya ce.

Bari in nuna maka a kan tebur. Faɗin irin ƙwallon nan ta Amurka milimita 57 ne, bakin ramin kusurwa kuma kusan faɗin ƙwallo biyu. Ke nan rarar da kake da ita kowane gefe ba ta wuce santimita 3 ba. Da ka raina bugu, sai ka yi shi da sanyin hannu, kana rage gudun sanda kafin ta taɓa fara, wato farar ƙwallon da ake bugawa da sanda. To yanka a hankali yana da sharri: lokacin da fara ta gogi ƙwallon, takan ɗan ja ta zuwa inda ita take tafiya, wani lokaci har kusan digiri 5. A tazarar rabin mita, wannan ya haura santimita 4. Rararka ta ƙare ke nan, sai ka ji ƙwal a leɓen rami. Ƙwallaye masu dauɗa sun fi yin haka, shi ya sa nake maka faɗan goge su, musamman da hunturu da ƙurar Jos ke kwanta a kan ƙyalle kafin azahar.

Sai ɗaga kai. Mai sauƙi ce, don haka kana miƙewa tun sanda ba ta gama tafiya ba. Kai na tashi kafaɗa ta bi shi, kafaɗa na motsi bakin sanda ya kauce daga tsakiyar fara, ta tafi da juyin da ba ka nufa ba.

Maganin ba wai ka ƙura ido kana yamutsa fuska ba ne. Ba wanda ke iya riƙe hankali awa uku cur. Abin da ake yi shi ne a ba kowane bugu tsari ɗaya, mai wuya da mai sauƙi. Ka shafa alli. Ka tsaya bayan layin bugun, kana tsaye ka yanke abu uku: wane rami, ina fara za ta tsaya, da wane ƙarfi. Sai ka sa ƙafa a kan layin, ka duƙa, ka kafa hannu kamar taƙi ɗaya bayan fara. Ka kai sanda ka dawo sau biyu ko uku, ka dakata a jikin fara, ka mai da ido kan wurin da za ta taɓa ƙwallon. Ja baya a hankali, ka sake ta ta wuce inda fara take da santimita 10 zuwa 15. Ka zauna a duƙe har ka ji ƙwallon ta faɗa. Duk tunani a tsaye ake yin sa. Idan kana duƙe wani shakku ya zo, ko wani ya gitta, ko aka kwashe da shewa a benci, miƙe ka sake daga farko. Masu kallo za su ce kana yanga, ƙyale su.

Ga mai sauƙi, ka ƙara wa kanka aiki. Kada ka ce "rami" kawai, ka zaɓi ɓangarensa: tsakiya, ko leɓen dama, ko na hagu. Fara ma kada ka ce ta tsaya "ta can", ka nuna wurin da bai fi tafin hannu ba. In ƙwallon na miƙe da rami, ka bugi fara ƙasa da tsakiya kaɗan da ƙarfi matsakaici, ta tsaya cak, in ba haka ba ta bi ta ciki ka ba abokin wasanka kyauta. Kuma in an yanka ba tare da fara na mirginawa ba, takan fita ne a kusurwar digiri 90 daga hanyar ƙwallon. Ka duba wannan layin tukuna, sau da yawa ramin tsakiya yake nufa.

Mai wuya kuma akasin haka take so, a rage mata kaya. Bar juyin gefe, wato bugun fara a damarta ko hagunta, domin yana karkatar da ita, kuma nisa na ƙara kuskuren. Bugi tsakiya, sassauta riƙo, ka amince da layin da ka gani a tsaye. Kada ka daɗe a duƙe kana gyare-gyare, hannu zai sandare.

Gobe da safe kafin mutane su zo, ka share ƙyallen da buroshi. Ka ajiye fara, ka buga ta miƙe zuwa kushin ɗin can, wato bangon roba na ƙarshen tebur, ta dawo ta taɓa bakin sandarka, sau 10. In ta kauce, ba tsakiya kake bugu ba. Bayan nan ka jera ƙwallo taƙi biyu daga rami, ka zura 20 a jere da cikakken tsarin nan, ka ajiye murfin kwalba a inda kake son fara ta tsaya. Ka ɓarar da ɗaya, ko da ta 19 ce, koma ta farko.